Ɗaurin Kaba a Gindin Sabara

Makon jiya katafila ta shiga kufan da ke gabas da garinmu. Ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu, amma ƙarar ta same ni har zaure, tun hantsi har la'asar tana gurnani tana tuge kututture. An ce hanya za a fitar wadda za ta haɗa mu da kwaltar Gumel. Kowa murna yake, ni ma na ce Allah ya sa albarka, don ba na so a ce tsoho ya tsaya wa gari a gaba. Ranar kuwa Asabar ce, babu makaranta, jikokina suna zube a kan tabarmata wai zaman gida ya ishe su. Babbar cikinsu ta yi miƙa ta ce, "Kaka, garin nan naku ko wurin zuwa babu." Na ce, "Amarya, wurin zuwa ne babu ko ƙafar zuwa?" Suka yi mini dariya suka koma kan rediyonsu. Ban ji haushi ba, don in an bi ta gaskiya yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Wurin zuwan mu muka cinye shi da gatari da garma, abin da ya rage kuma ga shi can katafila tana ƙarasawa. Na zauna ina saurarenta, zuciyata duk babu daɗi, har aka kira azahar ban motsa ba.

Mu da muna yara ba mu san wata Asabar da Lahadi ba. Hutunmu yana farawa ne ranar Laraba da la'asar, sa'ad da malam zai ce a jingine alluna, ba a sake ɗauka sai an sauko daga Juma'a. Alhamis kuwa tamu ce sukutum, in ba aikin gona ne ya tsare mu ba. Daji kuma ba sai an yi masa guzuri ba. Ka fita bayan dangar ƙarshe, ka wuce rijiya, ka haura jigawa guda, shi ke nan ka shiga. Iyayenmu mata ne suka yanka mana iyaka, suka ce duk inda muka daina jin ƙarar taɓarya daga gari, to mun yi nisa, mu juyo. Saboda haka duk yawon da na yi a ƙuruciya da wannan amo na yi shi a bayan kunnena, wani lokaci har da luguden 'yan mata in iska ta biyo ta wajenmu. Kana can kana fama da ƙaya, amma ka san ana daka furarka. Yau in ka tsaya a kan jigawar nan injin niƙa za ka ji.

Kowane lokaci da abin da yake fitar da mu. Da ruwa ya zauna tafki ya kawo, sai iyo, mu rungumi gora mu yi ta bugun ruwa har idanu su yi ja, mu dawo da burduddugi, kwaɗin nan da ake ci, tsire a kara da ƙunshin tafasa, don a ga abin miya a manta da faɗa. In gero ya fara ƙosawa sai tumu. Wanda bai taɓa karyo zangarniya ɗanya ya babbaka ta a wutar kara ba, ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya watsa a baki da zafinta, ban san yadda zan kwatanta masa ba, kuma ba zan wahalar da kaina ba. Da kaka mukan yi sammako mu kama fara tun raɓa ba ta sakar mata fuffuke ba. Amma ni lokacin ɗari na fi so, sa'ad da magarya da kanya da aduwa ke zuba, muna tafe da kere a hannu, karnuka biyu da ba su da mai su suna biye da mu, mu ɗana wa kurciya tarkon gashin wutsiyar doki, mu tayar da zomo daga gindin geza mu bi shi da ihu. Sau nawa muka kashe zomon? Kada in cika baki, a duk ƙuruciyata bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, mu dai gudun muka fi ci. Bazara ce mai wuya, rairayi na ƙona tafin ƙafa sai ka riƙa gudu daga inuwa zuwa inuwa, amma ita ma ba ta bar mu hannu sake ba. Ga goruba, ga nunu, ga kifin gaiwa kwance a cikin busasshen taɓon tafki tana jiran ruwa, mu bi tsagar ƙasa mu tono ta da dagi.

Mu biyar ne muke tafiya tare, shugabanmu kuwa wani ne da muke ce wa Jatau saboda hasken fatarsa. Ya girme ni da kamar shekara biyu, danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Ba shi ya fi mu ƙarfi ba, ba kuma shi ya fi mu gudu ba, amma in an samo abu shi ke rabo, kuma shi ke ɗauka a ƙarshe, don haka ba a taɓa yin rigima a gabansa ba. Ya san kanyar da ke da zaƙi da wadda baurinta ke ɗaure harshe, ya san ramin da gafiya ke ciki da wanda maciji ya gada. Ni kuwa ido Allah ya ba ni. Ina hango fakara kwance a cikin ciyawa inda sauran ba su ga komai ba, shi ya sa duk abin da ake so a duba ni ake turawa, ni ma ina ji da kaina a kan haka. Mahaifin Jatau igiya yake tufkawa. Kullum yana ƙofar gida a kan buzu, kaba jiƙe a ƙwarya a gefensa, yana murzawa a cinya yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi. Rijiyoyin ƙasarmu zurfi gare su, igiyar da za ta kai ruwa sai an haɗa biyu ko uku, kuma daga garinmu har Gagarawa in dai ƙullin Baban Jatau ne ba a taɓa jin guga ya faɗa ba. Yakan ce, "Igiya ba ta da laifi. In ta kwance, a tambayi mai ƙulli."

Shi ne ma ya koya mana dokar daji, yana tufka muna zaune. Abin daji na kowa ne, in ji shi, amma ban da abin da aka yi wa ɗauri. In mutum ya sari itace ya tara zai dawo gobe da jaki, ko ya yanki ciyawar jinka ya bar ta ta bushe, ko ya gano zuma a kogon itace yana jira ta cika, sai ya samu kaba ko doguwar ciyawa ya ƙulla a jikin itacen da ya fi kusa. Shi ke nan ya gama. Babu mai gadi, babu rubutu, amma abin zai yi wata guda a wurin ba wanda zai taɓa. Ko Bafillatani mai wucewa da shanu ya san ɗauri, ko baƙon da ya fito daga Damagaram ya san shi. Mu ma yara kafin mu sa hannu a kan duk abin da ya yi kama da na mutum, sai Jatau ya ce a duba tukuna. Yanzu na ga ana sa wa rumbu kwaɗo da sarƙa, kuma a wayi gari a tarar an yashe shi ta ƙasa.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Ba zan tsaya ba da labarin yunwar nan ba, waɗanda suka gan ta ba sa son zancenta, waɗanda ba su gani ba kuma ba sa yarda. Abin da zan ce kawai, kafin bazara ƙarar taɓarya ta ɗauke a garinmu, muka rasa iyakarmu. Karatu a zauren malam ya koma kamar raɗa. Yawon Alhamis bai tsaya ba, amma ya daina zama wasa. Karnukan nan biyu suka ɓace, ba mu tambayi inda suka tafi ba. Muna tsinko anza a kai gida a jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, muna kakkaɓo ƙarangiya, muna bin layin tururuwa har gidanta mu tona mu kwashe 'ya'yan ciyawar da ta tara. A irin wannan shekara abin da magidanci ya fi tsoro ba ɓarawo ba ne, kukan 'ya'yansa ne. Wanda ya bar irin shukarsa a ɗaka yana jin yaro na kuka, ba zai kai damina da shi ba. Don haka masu hangen nesa sukan fitar da iri daga gida tun da kaka, su ɓoye shi inda ko matar gida ba ta sani ba. Mu yara mun ji ana faɗin haka, amma ji irin na zancen manya, ya shiga ta nan ya fita ta can.

Wata Alhamis tururuwa ta kai mu kufai. Tsohon mazaunin garinmu ne, an tashi daga cikinsa tun kafin a haife mu, zamanin da mahara ke saukowa daga arewa, babu abin da ya rage sai tudun toka da tsingaro da sabara. Jatau yana tona, muna tsugune muna jira, sai dagi ya bugi wani abu ya ce ƙwal. Muka share rairayi da hannu, sai ga bakin tulu an liƙe shi da yumɓu. Jatau ya ɓantare gefe guda ya zura yatsu, ya fito da su cike da gero gauraye da toka. Watanni ke nan rabonmu da ganin ƙwayar gero. Wani ƙarami a cikinmu sai ya fashe da kuka.

Jatau ya ce, "Ku tsaya. Kada wanda ya sa hannu."

Wani mai bakin tsiya a cikinmu ya ce, "Na mutanen da ne. Sun binne sun gudu, maharan sun kashe su. Allah ne ya ajiye mana."

Jatau ya shinshina geron. Ya dube ni ya ce, "Kai, idonka ya fi namu. Zaga sabarar can ka duba mana ko akwai ɗauri."

Na zaga. Ban ma wahala ba. Yana can ƙasa kusa da gindi, an tura shi cikin rassa yadda mai wucewa ba zai gani ba sai mai nema, kaba ce busasshiya amma ba ta yi baƙi ba, ko shekara ba ta yi ba. Sabarar ta tsare ni daga idonsu. Ina jin ƙaramin nan yana shessheƙa, yawu ya cika mini baki. Na karya ɗan reshen, na zare ɗaurin, na cusa shi a cikin walkina.

Jatau ya ɗaga murya ya ce, "Akwai?"

Na ce, "Babu."

Muka fasa wuyan tulun, muka yi kasko da tsingaronsa, Jatau ya ƙyasta wuta. Muka hure toka muka soya geron yana fashewa yana tsalle, ya raba ya ɗauki nasa a ƙarshe, ya ce a yi bisimilla. Har yau ban ci abin da ya kai wannan daɗi ba, kuma ina jin kunyar faɗin haka. Mun ci kamar kashi ɗaya cikin uku, muka toshe sauran muka mayar da rairayi, muka yi alkawari ba za mu gaya wa kowa ba, don in gari ya ji ko ƙwaya ba za mu sake gani ba. Sauran ranaku tare da manya ake fita da mu, saboda haka sai wata Alhamis za mu dawo. Jatau ya ƙulle rabin nasa a bakin riga, ya ce zai kai wa ƙanwarsa ta tauna.

Washegari Juma'a da hantsi aka aike ni rijiya in taya jan ruwa. Ina ja, igiya tana wucewa ta tafin hannuna, sai mahaɗarta ta iso. Na tsaya ina kallon ƙullin. An mayar da bakin kabar ciki sau biyu, an bar masa ɗan guntu a tanƙware kamar wutsiyar kunama. Sau dubu na ga wannan ƙulli ban taɓa kula ba, amma jiya-jiya yatsuna suka shafa irinsa, kuma ga shi nan yana sukata a ƙugu. Saura kaɗan in saki guga, har wata dattijuwa ta daka mini tsawa. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar nan yake wannan ƙulli. Geron da muka ci irin shukar Baban Jatau ne, kuma da Jatau ne ya zaga sabarar da kansa, da kallo ɗaya zai gane hannun ubansa ya mayar da rairayi mu tafi.

Abin da ya kamata in yi, ko yaron da ba a yi wa kaciya ba ya san shi. Kashi biyu cikin uku na nan a tulu, ya isa shuka, har da sake shuka in ta ɓaci. In je in durƙusa a gaban mutumin nan in miƙa masa ɗaurinsa, a yi mini dukan da za a yi, kwana uku ya warke. Na ce gobe zan je. Gobe ta yi na ce sai na same shi shi kaɗai. Na same shi shi kaɗai, yana zaune ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, yana tufkar igiyar da babu mai saye, ya ce, "Ɗana, an tashi lafiya? Yi haƙuri, saura ƙiris. In ruwa ya sauka za ka ci tumu a gonata har ka ce ya isa." Na ce, "Allah ya kai mu, Baba," na wuce da sauri. Na ji shi da kunnena yana gaya wa babana ta kan danga cewa shi dai Allah ya rufa masa asiri a wani wuri, ruwa kawai yake jira. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, an faɗa kuma na sani, amma na bar shi. Da Alhamis ta zagayo na bi su kufai, na zauna na ci. Ta uku ma na je na ci, har muka karkaɗe gindin tulun. Ranar farko zan iya cewa yunwa ce da ƙuruciya. Ta biyu da ta uku ba ni da abin da zan ce, na san na wane ne, ina kallon ɗansa yana miƙo mini rabona.

Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar masallaci, bayan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa da la'asar har ƙasa ta sha. Da safe duk wanda ke da sauran ƙarfi ya fito da sungumi. Kowa ya je maɓoyarsa, babana ya sauko da namu daga kogon wata kuka. Muna shirin fita sai muka ga Baban Jatau zaune a ƙofar gidansa, ba a kan buzu ba, a ƙasa, da tsingaro a cinyar rigarsa. Maƙwabta suka fara tsayawa. Babana ya ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. An dai riga ni."

Jatau ya fito daga gida da sungumi a kafaɗa yana murmushi. Ya ga wuyan tulun, ya ga baƙin wuta a jikin tsingaron. Bai taɓa ganin tulun a gidansu ba, don ashe uban a kasuwar Gagarawa ya saye shi ya wuce da shi kufai kai tsaye. Ya ajiye sungumi a hankali, ya zo ya durƙusa.

"Baba, mu ne."

"Ku ne?"

"Mu biyar. Alhamis uku muka yi muna ci. Har gida na kawo wa yarinya."

Tsohon ya juya tsingaron da ke cinyarsa. Sannan ya ce, "Yunwa ce, ba ni da magana a kan yunwa. Amma ni na koya maka ɗauri da bakina. Ba ka duba ba?"

"Mun duba, Baba. Wallahi mun duba, babu."

"Da idonka?"

"Da idon wanda ya fi ni gani." Ya waiwayo ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon wanda ya kawo shaidar da ya amince da ita ne, kuma wannan kallo shi ne har yau yake hana ni sakewa.

Babana ya dafa ƙeyata ya tura ni gaba, ya ce, "Kai, faɗi abin da ka gani. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Ɗaurin yana nan a walkina, ina jin sa a jikin fatata. Na ce, "Ban ga komai ba, Baba."

Baban Jatau ya dube ni. Sannan ya sunkuya ya dubi hannuwansa, ya juya su ciki da baya. Ya ce, "To. Yaron nan a gabana ya tashi, ban san shi da ƙarya ba. Ashe hannun ne ya fara tsufa. Na ƙulla ina sauri ina waiwaye, iska ta samu hanya. Tashi, Jatau, ba ku da laifi. In igiya ta kwance, a tambayi mai ƙulli."

Mutanen garinmu ba su bar shi haka ba. Wannan ya kawo tafi ɗaya, wancan ya kawo rabin ƙoƙo, babana ya ɗebi na gefen gonarmu ya ba shi, kowa yana yanka daga abin da bai ishe shi ba. Aka haɗa ya shuka kusan rabin gona. Gero ya tsiro ya yi kunne, sai ruwa ya ɗauke kusan kwana ashirin, rana ta ƙone shi ƙurmus. Da ruwa ya dawo, masu ragowar iri suka sake shuka, mu ma muka sake da ɗan abin da babana ya ɓoye. A wannan karon babu mai abin bayarwa. Abin da ya isa shuka biyu shi ne wanda ke cikin tulu, shi kuwa mun soye shi. Gonar Baban Jatau ta tsaya fayau a tsakiyar gonaki, ciyawa ta fara cinye ta, sai ya ce zai kwashe iyalinsa su yi kudu wajen dangin matarsa, inda ake da fadama.

Da sassafe suka tashi, da jaki ɗaya na aro. Baban Jatau ya shigo gidanmu sallama da sabuwar igiya a naɗe a kafaɗa, ya ajiye a gaban babana ya ce, "Ga wannan a sa a rijiya. Na ninka ƙullin, don yanzu ban yarda da hannuna ba." Na raka su har kan jigawa. Jatau ya miƙo mini daginsa ya ce, "Kai za ka riƙa rabo yanzu. Ka ɗauka a ƙarshe, ka ji? Kanyar bakin tafki kuma kada ku jefe ta ɗanya. Da kaka muna nan dawowa in Allah ya yarda." Maganar tana bakina, wallahi tana kan harshena, na buɗe baki sai na ji na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce, "Koma haka nan, ka yi nisa." Na tsaya ina kallonsu har suka faɗa bayan wata jigawar.

Daminar ta ƙarasa da kyau, taɓarya ta dawo, muka ci tumu. Su ba su dawo da kaka ba, ba su dawo da wata kakar ba. Daga baya wasu fatake suka ce tsohon bai ga wata damina ba, ya rasu a can kudu, Jatau kuwa ba wanda ya san inda ya nufa da uwarsa da ƙanwarsa. Rabon da ya bar mini ban iya ba, na bar wa wani. Da na girma na yi fataucin fata, na ci kasuwar Maigatari da ta Gumel da ta Sule Tankarkar, na sha zuwa Kano da jakuna, kuma duk kasuwar da na shiga sai na bi ta wajen masu igiya ina ɗagawa ina juya ƙulli, ko zan ga mai wutsiyar kunama in tambayi wa ya koya musu. Sun ɗauke ni mai taya kaya ba ya saye, wasu har tsaki suke yi in sun hango ni. Na taɓa tambayar wani malami hukuncin irin wannan, na ce wani ne ya aiko ni. Ya ce tuba tana da kyau, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ɗaurin na sa aka ɗinke mini shi a fata, ya zauna a wuyana har ya zama gari. Uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta, ta rasu tana zaton maganin maciji ne.

A farin da aka yi shekarun baya na ga babbar mota ta tsaya a ƙofar mai gari ana rabon iri a buhu, na gode wa Allah da yaran yanzu ba za su san abin da muka sani ba. Ba na cewa zamaninmu ya fi nasu a komai. Mu muna da daji a bayan danga, muna da doka wadda zare ɗaya na kaba ke tsarewa, kuma ni da nake yi musu gorin ƙafa, ni ne na fara karya ta a garin nan. In na ce an lalata amana, nakan ji muryata ta yi ƙasa. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa tawa ta yi shekara fiye da sittin tana bina.

Na bari sai da Alhamis ta zo, na sa aka ɗora ni a kan jaki aka kai ni kufai. Ba tudun toka, ba tsingaro, ba sabara ko ɗaya, an baje wurin ya zama jan fili daga nan har inda ido ya tsaya. Idon nan da ake yabo ma yanzu hazo-hazo yake gani. Na sauka ina dogara sanda ina zagawa, na kasa gane gurbin. Wani lebura da ke cin abinci a inuwar katafila ya taso ya ce, "Baba, wani abu ka yar ne?" Na ce, "Eh, ɗana, amma da daɗewa." Ya koma ya zauna. Na tsaya a inda zuciyata ta ba ni, na juya baya ga gari kamar yadda na tsaya a waccan rana, na ɗaga murya iyakar abin da ya rage mini.

"Jatau, akwai. Akwai ɗauri, na Baba ne. Na gan shi."